Maɓallin Da Ba Ya Ƙarya: Darasi Daga Wasan Portal

'Yan'uwana ɗalibai, na san wasunku da ganin kan wannan rubutu za su ce, to mene ne kuma haɗin mujallar ɗaliban Hausa da wasan kwamfuta? Ina roƙon arziki ku bi ni sannu a hankali har ƙarshe, in ya so sai ku yanke mini hukunci. Abin da nake son in yi magana a kansa ƙaramin abu ne ƙwarai, wato maɓallin da ake dannawa ƙofa ta buɗe a cikin wani wasan wasa ƙwaƙwalwa mai suna Portal. Ra'ayina kuwa shi ne, wannan maɓalli ya fi da yawa daga cikinmu iya koyarwa, kuma mu da muke shirin shiga aji mu riƙe alli ya kamata mu tsaya mu dubi yadda yake aiki.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni ba Bahaushe ba ne, da Yarbanci na buɗi baki, Hausa kuwa da girmana na koye ta. A shekarata ta biyu an ba mu aikin gida na rubuta wasiƙa, sai na rufe tawa da cewa, "Da zarar ina raye ba zan manta da alherinka ba." Malam ya zagaye "da zarar" da jan biro, ya rubuta "muddin" a samanta. Na koma ƙamus na duba, na haddace fassarar kowace, amma duk a banza, domin kuwa a Turanci fassarorin biyu kamar Hassan da Usaini suke, kalma ɗaya ce tak ta raba su. Bayan mako uku na sake tafka wannan kuskure a wurin gwaji. Abin da ƙamus da jan biro suka kasa sa mini a kai, wani jan maɓalli ne ya sa mini shi cikin dare ɗaya, a kan tsohuwar kwamfutar wani da muke ɗaki ɗaya da shi.

Asalin Wasan

Kamfanin Valve na ƙasar Amurka ne ya fitar da Portal a watan Oktoba na 2007. Asalinsa kuwa aikin ɗalibai ne irinmu. A shekarar 2005 wasu ɗaliban makarantar DigiPen da ke jihar Washington suka haɗa wani ɗan wasa mai suna Narbacular Drop a matsayin aikinsu na shekarar ƙarshe. Shugaban Valve, Gabe Newell, ya ga aikin ya ɗauke su gaba ɗayansu, kuma ɗaya daga cikinsu, Kim Swift, ita ta jagoranci gina sabon wasan.

A cikin labarin, mai wasa yana tsayawa ne a matsayin wata mata mai suna Chell, wadda ta farka a wani gidan gwaje-gwajen kimiyya inda babu ɗan Adam ko ɗaya, sai muryar wata na'ura mai suna GLaDOS da ke ba da umarni. Ana bi da kai ɗaki bayan ɗaki, daga lamba 00 zuwa lamba 19, aikinka a kowanne shi ne ka gano yadda za ka kai ga hanyar fita. Abin da wasan ya yi suna a kansa wata bindiga ce da ba ta kisa. Idan ka harbi bango sai ta buɗe kafa shuɗiya, ka harbi wani wurin ta buɗe kafa mai ruwan lemo, duk abin da ya shiga ta ɗaya, ta ɗayar zai fito. Kowa bindigar nan yake yabo. Ni dai a ganina, ba don maɓalli ba da bindigar ta zama abin shashanci kawai, saboda a ɗakuna da yawa maɓallin ne yake nuna maka abin da ake nema daga gare ka.

Maɓallin Ƙasa

Iri na farko babban maɓalli ne ja, zagayayye, a girke a ƙasa, faɗinsa ya isa mutum ya hau ya tsaya. Ba da hannu ake danna shi ba, nauyi yake so. A ɗaki na 00 ake fara haɗuwa da shi, tun kafin a ba ka bindiga, kuma ɗakin fayau yake, ba komai sai maɓallin, da ƙofa a rufe, da wani bututu a sama da yake sako akwati guda ɗaya.

Ga abin da ya faru da ni. Na hau maɓallin, ya lotsa, ƙofa ta buɗe. Na sauka da murna na nufi ƙofar, kafin in kai ta rufe. Na koma na hau, ta buɗe. Na sauka da gudu, ta sake rufewa. A gefena akwai wani ɗan ajinmu, Bahaushe haifaffen Sabo, yana kallo yana ta dariya. Can sai ya ce, "Mutumina, gudun me kake yi? Ai muddin kana kai ƙofar tana buɗe, da zarar ka sauka kuwa ta rufe." Na saki linzamin kwamfutar na juyo na dube shi. Kalmomin nan biyu da suka wahalar da ni ga su a jimla ɗaya, ga kuma abin da kowace take nufi yana faruwa a gaban idona. "Muddin" tana tafiya da hali mai ɗorewa, tsayuwata a kan maɓalli. "Da zarar" kuwa tana kama ɗan lokacin nan da abu ya sauya, saukar ƙafata. Daga ranar ban sake haɗa su ba. Gani ya kori ji.

To, mu bar batuna mu dubi maɓallin kansa. Babbar siffarsa ita ce ba ya tuna komai. Ko sau ɗari ka hau shi, bai san ka taɓa hawa ba. Abin da ya sani kawai shi ne ko akwai nauyi a kansa yanzu ko babu. Daga wannan siffa matsalar take fitowa. Jiki ɗaya gare ka, ga shi ana buƙatar ka a wuri biyu, a kan maɓalli da kuma a bakin ƙofa. Mafita ita ce ka sami wakili, akwatin nan kuwa shi ne wakilin. Ka ɗauke shi ka ɗora, maɓalli ya zauna a danne, kai kuma ka wuce abinka.

Akwai kuma wani abu da sabon ɗan wasa ba ya lura da shi da wuri, alhali kuwa shi ne rabin aikin. Daga gindin maɓalli akwai layin ɗige-ɗige masu haske da ya bi ƙasa ya hau bango har zuwa abin da maɓallin yake sarrafawa. Idan ba a danne yake ba ɗigogin shuɗaye ne, idan aka danne shi sai su koma ruwan lemo. A jikin ƙofa kuma akwai ɗan allo mai alamar gicciye, wadda take juyewa ta zama irin alamar da malami yake yi wa amsar da aka ci. Saboda haka ba ka taɓa zama cikin duhu game da abin da ka taɓa. Ko ƙofar tana can bayan bango inda ba ka ganinta, ka bi ɗigogin za su kai ka.

Wannan doka ta nauyi ba ta sauyawa har ƙarshen wasan. Abin da yake sauyawa shi ne wahalar kai nauyin wurin. A ɗaki na 04 akwatin yana cikin rami mai zurfi, sai ka yi dabara da bindiga ka fito da shi. A ɗaki na 09 an gitta wani labulen haske tsakanin akwati da maɓalli, wanda yake narkar da duk akwatin da aka bi da shi ta ciki, dole ka nemi hanyar zagaye shi. Tambayar dai guda ce, ɗakin ne yake ƙara tsauri.

Maɓallin Turke

Iri na biyu ɗan ƙarami ne, shi ma ja, a kan wani farin turke da ya kai ƙugun mutum. Wannan da hannu ake danna shi, sau ɗaya, kuma akwati ba ya amfana masa komai. Bambancinsa da na ƙasa shi ne yana da ɗan abin tunawa. Idan ka danna ka tafi, aikinsa yana ci gaba bayanka, amma sau da yawa na ɗan lokaci ne. Sai ka ji ƙarar agogo tana bugawa ƙyas-ƙyas, idan ta tsaya komai ya koma yadda yake. Ke nan matsalar da yake kawowa ta lokaci ce, kamar yadda ta na ƙasa take ta wuri. Da zarar ka danna, sai ka gama abin da za ka yi kafin agogo ya cika.

A ɗaki na 15 akwai irin wannan maɓalli guda biyu, kowanne a nasa ɗan ɗaki a sama, nesa da juna, kuma ana son su kasance a kunne tare. Da ƙafa ba za ka taɓa cim musu ba. Sai ka shirya kafofinka biyu tun kafin ka taɓa komai, ka danna na farko, ka faɗa ta kafa ka ɓullo kusa da na biyu. Mai gaggawa yakan danna tukuna sannan ya fara tunani, shi ya sa yake ta maimaitawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan Maɓalli Ya Zama Biyu

Tun a ɗaki na 05 ake fara gwada maka ƙofa ɗaya mai maɓallan ƙasa biyu. Ka danne ɗaya, layinsa ya koma ruwan lemo, amma ƙofa ko motsi. Ba ta buɗuwa sai an danne duka biyun. Ku lura da wannan "sai" ɗin, 'yan'uwa, domin kuwa sharaɗi ne cikakke, wanda rabinsa ba ya wadatarwa. Kuma wasan bai bar ka cikin ruɗu ba, tunda layi ɗaya ya sauya launi ɗaya bai sauya ba, ka san ka yi rabin aiki, ka kuma san inda sauran rabin yake.

Da aka fitar da Portal 2 a watan Afrilu na 2011, sai aka ƙaro wasu ire-iren maɓallin ƙasa. Akwai mai gurbi mai kusurwa huɗu wanda akwati kaɗai yake karɓa, akwai mai gurbi kamar ƙwarya wanda ƙwallo kaɗai yake karɓa. A wannan wasa mutum biyu suna iya yin wasa tare a matsayin wasu mutum-mutumi biyu, Atlas da P-body, kuma a fahimtata nan ne amfanin waɗannan maɓallai ya fi fitowa, saboda idan jiki ya zama biyu, ɗaya zai iya hawa maɓalli ɗaya ya wuce, tsohuwar matsalar ta mutu ke nan. Abin lura shi ne, da suka so su sauya doka sai suka sauya siffar maɓallin. Ba su bar shi da kamanninsa na da ba sannan su ce yau ba ya karɓar mutum. Da ganin gurbin ka san abin da zai shiga.

Abin Da Ke Faruwa A Ɓoye

Mai kwamfutar, wanda ilimin kwamfuta yake karantawa, shi ya nuna mini cikin abin. Maɓallin ƙasa saƙo biyu kawai yake aikawa, "an danne ni" da "an sake ni". A samansa akwai wani ɗan fili da ido ba ya gani, wanda yake lura da abin da ya shigo cikinsa, yana tantance ko irin abin da aka yarda da shi ne. Ita kuma ƙofa umarni biyu take ji, "buɗe" da "rufe". Aikin mai tsara ɗaki shi ne ya ɗaura saƙon farko da umarnin farko, na biyu da na biyu. Na turke kuwa agogo ne yake aika saƙo na biyu a madadin mai wasa.

A watan Mayu na 2012 Valve ya saka wa Portal 2 wani sashe da kowa zai iya gina ɗakinsa. Kana ajiye maɓalli, ka zaɓi irinsa, ka haɗa shi da ƙofa, sai layin ɗige-ɗigen ya shimfiɗa kansa. Na turke kana iya sa masa 'yan daƙiƙoƙi har zuwa 30, ko ka bar shi a kunne ba iyaka. Idan ka haɗa maɓallai biyu da ƙofa ɗaya, sai duka sun kunnu take buɗewa. Na gwada gina ɗaki ɗaya na ba abokaina biyu, duka suka rasa gane shi. Na fara cewa ba su da basira, sai mai kwamfutar ya ce, "Malam, ɗakinka ne bai yi magana ba, ka ɓoye maɓalli a bayan ginshiƙi." Gaskiya ya faɗa.

Murya Tana Ƙarya, Maɓalli Ba Ya Yi

Wani abin sha'awa a Portal shi ne, wadda take magana maƙaryaciya ce. GLaDOS tana yi maka alkawarin kek idan ka gama gwaji, alhali wuta take shirin kai ka. A ɗaki na 09 cewa take yi gwajin ba zai yiwu ba, kada ma ka wahalar da kanka. Ko sunan da take kiran maɓallin ƙasa da shi dogo ne na burga, har da ambaton megawat 1500, ga abin da akwati ɗaya ya ishe shi. Da tafiya ta yi tafiya mai wasa yakan daina yarda da kunnensa ya koma ga abin da hannunsa ya gwada, kuma a duk tsawon wasan ban ga inda maɓalli ya saɓa alkawari ba.

Ku kwatanta wannan da maɓallan duniyarmu. A 2004 jaridar New York Times ta ruwaito cewa daga cikin maɓallai 3,250 da masu tsallaka titi suke dannawa a birnin New York, fiye da 2,500 ba sa aikin komai, kwamfuta ce take sarrafa fitilun, mutane kuwa suna ta dannawa. Ba sai mun je Amurka ba ma. Ka shiga ɗaki da dare ka danna makunnin fitila, shiru. An ɗauke wuta ne? Ƙwan ne ya mutu? Makunnin ne ya lalace? Ko kuwa na fanka ka danna? Babu abin da zai gaya maka. Wanda ya saba da irin wannan yakan daina tambayar dalili, ya koma danne-danne ko Allah zai sa a dace. Haka ɗalibi yake komawa idan ya yi aiki aka dawo masa da takarda da maki huɗu cikin goma ba tare da an nuna masa inda layin ya yanke ba.

Abin Da Nake Gani

Dalilin da ya sa na ce maɓallin nan malami ne, ga shi. Na farko, abu ɗaya yake koyarwa a lokaci ɗaya. Ɗakin farko ko bindiga babu, don kada hankali ya rabu. Na biyu, yana bari ka yi da hannunka ka yi kuskure, kuskuren kuma ba ya cin ka tara, ƙofa ce kawai ta rufe. Na uku, amsarsa nan take take zuwa, kuma tana nuna wurin da aka tsaya. Na huɗu, abin da ya koya maka yau ba ya warware shi gobe, sai dai ya ɗora a kansa.

Misali mafi kyau yana ɗaki na 17. A ƙarshensa sai ka ɗora akwati a kan maɓallin ƙasa, wata ƙofa ta buɗe, ka shiga ka danna na turke, bakin tanderu ya buɗe na ɗan lokaci, ka dawo da sauri ka ɗauki akwatin ka jefa. A lokacin ba ka san dalili ba. Sai a faɗan ƙarshe da GLaDOS za ka tarar ana son ka danna maɓalli tanderu ya buɗe, ka jefa sassan jikinta ciki kafin ya rufe. An riga an koya maka tun tuni, jarrabawar ba ta zo da baƙon abu ba.

Wannan tsari kuwa ba sa'a ba ce. A cikin wasan akwai bayanan da masu gina shi suka naɗa da muryoyinsu, inda suka nuna cewa sukan kawo mutane su yi wasan suna kallo, duk inda mutane suka yi ta tuntuɓe sai su koma su gyara ɗakin. Hatta fararen bangayen nan marasa ado daga nan suka samo asali, saboda an ga tarkace suna ɗauke hankalin 'yan wasa daga abin da ake son su gani. A nan ne nake ganin mun fi buƙatar gyara. Idan rabin aji suka faɗi tambaya ɗaya, mu abin da muka saba ji shi ne yaran yanzu ba sa karatu. Kafin a kai ga wannan hukunci ya kamata a fara duba ko an ɓoye maɓalli a bayan ginshiƙi.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta nemi a ƙarfafa wa kowane yaro koyon ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci bayan harshensa, kuma da yawa daga cikinmu yaran da ba su taɓa jin Hausa a gida ba za mu koyar. Ni an fara mini azuzuwan aikatau bakwai na F. W. Parsons, waɗanda ya tsara a 1960, da jadawali a allo, na kwafa na haddace, na ci jarrabawa, amma bakina bai iya ba. Alhali ga ƙofar aji nan a gabanmu. A ce wa yaro ya buɗe ta. A tsaya a ciki a ce wa na waje ya buɗo. A kulle ta ya tura ya ce ba ta buɗu ba. A bar ta haka a ce tana buɗe. A sa wani ya riƙe ta, muddin yana riƙe tana buɗe, da zarar ya saki ta rufe. Bayan jiki ya gane, sai a kawo jadawali ya ba abin suna. Ban ce ni na ƙago wannan ba, tun a shekarun 1960 wani masani Ba'amurke, James Asher, ya fito da hanyar koyar da harshe ta bin umarni da motsin jiki. Abin da wasan ya ƙara mini shi ne ganin yadda ake jera matakan.

Ga Masu Suka

Na san za a ce wasan kwamfuta ɓata lokaci ne. Ba zan yi musu gaba ɗaya ba, ni kaina na makara lacca washegarin wannan dare, kuma na ga waɗanda wasa ya cinye musu zango guda. Sai dai wasanni suna suka tara. Portal gajere ne, cikin 'yan awoyi ake gama shi, kuma a 2010 kwalejin Wabash ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da ɗaliban shekarar farko za su nazarta tare da littattafai. Ni ma ban ce a ajiye littafi ba.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, wato harshe ba na'ura ba ne. Wannan gaskiya ne. Ɗan ajin nan namu da kansa ya ƙure ni daga baya, ya ce to ina zan kai "muddin ka taɓa shi zai yi kuka"? A nan "muddin" ta matso kusa da "da zarar" har suna gogayya. Ita kuwa "sai" ba a magana: sai gobe, sai ni, sai ya tashi ya tafi, sai ka zo da kanka. Babu maɓallin da zai ɗauki wannan duka. Amsata ita ce, wanda ya riƙe ma'ana ɗaya da ƙarfi shi yake iya lura idan ta fara karkata. Da ba a kafa mini "muddin" ta farko ba, da ta biyun ba ta ba ni mamaki ba, balle in tambaya. A fara da tabbataccen abu, a zo da sauran a kan lokaci, kuma idan doka za ta sauya a faɗa wa ɗalibi ta sauya, kamar yadda aka sauya siffar gurbi.

Suka ta uku ita ce makarantun da za a tura mu ba su da kwamfuta, wasu ko wuta babu. Ai ban ce a kai wasan aji ba. Dabarar za a kai, ita kuwa ƙofa da dutse da yara biyu sun ishe ta.

Kammalawa

A taƙaice, 'yan'uwana, maɓallin Portal dokarsa ɗaya ce kuma a fili take, amsarsa nan take ce, ga layin da yake nuna inda aikinsa ya tafi. Kirana gare mu shi ne, duk wanda zai fita koyarwar gwaji ya zaɓi darasi ɗaya kacal ya gina shi haka: abu ɗaya, yara su yi da jikinsu, ya yi shiru ya kalli inda suke tuntuɓe, ya koma gida ya gyara darasin. In ya dawo ya rubuto wa wannan mujalla abin da ya gani, ko ya yi daidai da ra'ayina ko ya saɓa. Ga malamaina kuma, ina neman afuwa idan na yi shisshigi, da koyo akan iya. Shi kuwa Malam mai jan biro, ina sake rufe masa wasiƙata yadda ya kamata tun farko: muddin ina raye ba zan manta da alherinka ba.